Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Gyaran Wikipedia Ta Hausa Kan Rubuta Kamun Ɗan Wasa Saboda Tuƙi Cikin Maye

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan'uwa masu gyara da shugabanninmu masu kula da shafuka, muna gaishe ku daga Zariya, muna yi muku sannu da ƙoƙari. Duk wanda ya taɓa zama yana haɗa muƙala da manazartarta a waya, data na ƙarewa, caji na ja da baya, ya san aikin da kuke yi wa harshen nan ba ƙarami ba ne. Allah ya saka da alheri.

Magana ɗaya ce ta kawo mu. Muƙalolin 'yan wasa suna daga cikin waɗanda aka fi fassarowa daga Turanci, kuma a cikin wasunsu akwai labarin an kama ɗan wasa yana tuƙi a buge. Wani mai gyara zai kwaso labarin dungurungum har da abin da bai tabbata ba. Wani kuma zai share shi baki ɗaya, ko don son ɗan wasan, ko don yana ganin rufin asiri ne. Ra'ayinmu shi ne: irin wannan labari yana da gurbi a tarihin mutum idan kotu ta kammala magana a kansa, jaridu masu mutunci sun ruwaito shi, kuma ya taɓa sana'ar ɗan wasan ko rayuwar wani. Kamu kaɗai, wanda ba a san ƙarshensa ba, bai isa ya shiga ba. Idan kuwa zai shiga, to kowace kalma sai an auna ta, domin kalmar giya a kunnen Bahaushe tana da nauyin da ba ta da shi a kunnen mutumin Landan.

Bari mu fara da Yaya Toure, tunda babu gidan kallon ƙwallo daga Samaru zuwa Tudun Wada da ba a san shi ba. A ƙarshen Nuwamban 2016, yana Manchester City, 'yan sanda suka tsayar da shi a Dagenham da ke gabashin Landan. Na'urar gwajin numfashi ta nuna maikirogiram 75 a cikin mililita 100 na numfashi, alhali iyakar da doka ta yarda da ita a Ingila 35 ce. A Disamba ya amsa laifi a kotun majistare ta Barkingside, aka ci shi tarar fam 54,000, aka hana shi tuƙi na wata 18. Wannan duk gaskiya ne, yana nan a rubuce. Amma akwai rabin labarin da mai gaggawa kan bari a baya. An shaida wa kotu cewa lemon kwalba ya sha daga wani jug a wurin liyafa, bai san an gauraya shi da barasa ba. Shi da kansa ya fitar da sanarwa cewa shi Musulmi ne, ba ya shan giya, kotu ta yarda bai sha da gangan ba, ya kuma ba da haƙuri. Dokar Ingila a wannan laifi ba ta tambayar niyya. Abin da ta sani shi ne adadin da na'ura ta nuna da kuma cewa kai ke riƙe da sitiyari, shi ya sa mutum zai iya amsa laifin ba tare da ya amsa cewa shi mashayi ne ba.

To ku duba abin da zai faru idan mai fassara ya taƙaita wannan da jimla guda, ya ce an kama shi ya sha giya yana tuƙi. Babu ƙarya ƙarara a jimlar, amma yaron da ya karanta ta a Ƙofar Doka zai tashi da fahimtar da kotun kanta ba ta yanke ba. Ga yadda muke ganin ya dace a rubuta: "A Disamban 2016 wata kotu a Landan ta ci shi tarar fam 54,000 tare da hana shi tuƙi na wata 18, bayan ya amsa laifin tuƙi da barasa fiye da ƙa'ida a jikinsa. Ya ce bai sha da gangan ba, kuma kotu ta karɓi wannan bayani." Jimla biyu, manazarta biyu ko uku, a ƙarƙashin sashen rayuwarsa ta wajen fili. Sun wadatar.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne matakan shari'a, domin a hirar majalisa duk "an kama shi" ake cewa. A rubutun kundin ilimi kuwa kowane mataki da sunansa. Tsayarwa a hanya daban. Kamu da tsarewa daban. Tuhuma, wato lokacin da mai gabatar da ƙara ya rubuta laifin da ake zargi, ita ma daban, kuma sau da yawa laifin da aka rubuta a takardar tuhuma ba shi ne wanda ɗan sanda ya faɗa a bakin titi ba. Sannan gurfanarwa, sannan amsa laifi ko musantawa, sannan samu da laifi ko sallama ko korar ƙara, sannan yanke hukunci, bayan nan ma akwai ɗaukaka ƙara. Sashe na 36(5) na Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Mai gyara da ya rubuta "an same shi da laifi" a inda majiyarsa ta ce an tuhume shi kawai, ya yanke hukuncin da alƙali bai yanke ba.

Labarin Tiger Woods, gwanin wasan golf, ya nuna wannan a fili. Ranar 29 ga Mayun 2017 'yan sanda suka same shi yana barci a mota a garin Jupiter na jihar Fulorida, suka kama shi bisa zargin tuƙi cikin maye. Hotonsa ya zagaye duniya kafin rana ta faɗi. Gwajin numfashi kuwa sifili ya nuna, babu barasa ko ɗigo. Binciken da ya biyo baya ya gano magunguna ne a jikinsa, har da na kashe zafin ciwo da na barci. A Oktoban shekarar ya amsa laifin tuƙin ganganci, wanda bai kai laifin da aka kama shi a kansa ba, aka ci shi tarar dala 250, aka sa shi aikin al'umma na awa 50 da shekara guda ta sa ido. Duk wanda ya yi sauri ya rubuta a ranar farko cewa giya ya sha, ƙarya ya rubuta. Haruffan nan uku, DUI, wato taƙaicen sunan laifin tuƙi cikin maye da Turanci, da za ku riƙa cin karo da su a muƙalolin Amurkawa, sun haɗa barasa da ƙwaya da maganin da likita ya rubuta. Manhajar fassara ba ta san wannan ba, sai ta ba ku "buguwa" ko "shan giya". Mu kuwa a nan mun fi kowa sanin cewa maye ba na kwalba kaɗai ba ne, tunda har sai da gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Saboda haka idan majiya ba ta fayyace abin da aka sha ba, kar mai gyara ya fayyace mata.

Akwai wani kuskuren da ke bin wannan a baya, wato ɗinke abubuwa biyu da babu majiyar da ta ɗinke su. Woods ya yi mummunan hatsari a Kalifoniya a Fabrairun 2021. Hukuma ta ce gudu ne ya wuce kima, ba a tuhume shi da komai ba. Idan aka jera 2017 da 2021 a sakin layi ɗaya ƙarƙashin kan magana irin "Matsalar Maye", an gaya wa mai karatu abin da ba a rubuta ba. Kan magana ma hukunci ne, a kula da shi.

Lissafin awo shi ma tarko ne, kuma mun ga ya kamata a tsaya a kansa. Ingila tana da awo na numfashi, maikirogiram 35, da awo na jini, miligiram 80 a mililita 100. Amurka kuma a mafi yawan jihohinta ana rubuta iyakar a matsayin 0.08. Hugo Lloris, mai tsaron ragar Tottenham a lokacin, wanda ya ɗaga Kofin Duniya a matsayin kyaftin ɗin Faransa a Yulin 2018, an kama shi a Landan a Agustan shekarar, na'ura ta nuna 80. Mai gyara da ya haddace cewa iyakar Ingila 80 ce zai ɗauka a kan layi yake. Alhali 80 ɗin na numfashi ne, ya ninka iyaka har da ɗoriya. Tarar fam 50,000 aka ci shi da hana tuƙi na wata 20. Shawararmu: ko dai a rubuta adadin tare da irin gwajin da iyakar ƙasar a jimla ɗaya, ko a bar lambobin a ce ya ninka ƙa'ida sau biyu idan haka majiya ta ce. Lamba tsirara ba ta ƙara wa mai karatu komai sai ruɗani.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren, domin masu sharewa ma muna da magana da su.

Ba a rubuta tarihin Tony Adams a tsallake Disamban 1990. Kyaftin ɗin Arsenal ne a lokacin, ya daki katanga da mota a yankin Essex da barasa a jikinsa fiye da ninki huɗu na ƙa'ida, a Disamban nan aka ɗaure shi wata huɗu, ya yi kusan rabi aka sake shi a Fabrairun 1991. Wasannin da ya rasa suna cikin lissafin kakar da Arsenal ta ci gasar. A 1996 ya fito ya faɗa wa duniya da bakinsa cewa giya ta zame masa ciwo, a 2000 kuma ya kafa cibiyar Sporting Chance don taimakon 'yan wasa masu irin larurarsa. Idan mai son Arsenal ya goge ɗaurin don kare gwaninsa, ya goge dalilin aikin alherin da mutumin ya fi alfahari da shi. Haka Michael Phelps, mai lambobin zinare 23 a ninƙaya a gasar Olamfik. An kama shi a 2004 yana ɗan shekara 19, aka sake kama shi a Baltimo a Satumban 2014 da awon 0.14. Hukumar ninƙaya ta Amurka ta dakatar da shi wata shida, bai kuma je gasar duniya ta 2015 ba. Mai karatu da ya ga giɓi a jerin gasanninsa yana da haƙƙin sanin dalili, kuma zinare biyar da ya ci a Riyo a 2016 ba a fahimtar girmansu sai an san daga inda ya taso.

Mafi nauyi shi ne inda aka rasa rai. A Nuwamban 2021 Henry Ruggs, ɗan wasan ƙwallon Amurka na ƙungiyar Raiders, ya yi gudun mil 156 a awa, sama da kilomita 250 ke nan, a cikin garin Las Vegas, da barasa ninki biyu na ƙa'ida a jininsa. Ya daki motar wata baiwar Allah 'yar shekara 23, ta mutu. Ƙungiyar ta sallame shi a ranar, a 2023 ya amsa laifi aka ɗaure shi shekara uku zuwa goma. A irin wannan, labarin zai shiga har sakin layin farko na muƙala, domin shi ne ya kawo ƙarshen wasansa. Mu da muke zaune a kan hanyar Kaduna zuwa Kano, muke ganin abin da ake kaiwa asibitin Shika daga kan titi, ba za mu yarda a kira ɓoye wannan rufin asiri ba. Ita ma mamaciyar tana da haƙƙi. Sai dai sunanta da na danginta ba su da dalilin shiga muƙalar ɗan wasa, ba su nemi a san su ba.

Ku lura duk sunayen da muka kawo, shari'arsu ta ƙare a gaban alƙali, kuma manyan kafofin labarai sun ruwaito hukuncin. Da gangan muka zaɓe su haka.

Abin da ya fi damunmu shi ne na gida. A ce ɗan wasan wata ƙaramar ƙungiya ne, ko ɗalibin da ya wakilci jami'a a gasa, aka tsayar da shi da dare a Kwangila ko a Sabon Gari. Wani ya ɗauki hoto ya saka a Facebook, wani shafin tsegumi ya kwafa, washegari wani mai gyara ya liƙa a muƙalarsa. A ƙasar nan an saba jin labarin kamu da holin waɗanda ake zargi, amma ba kasafai jarida ke komawa kotu bayan wata shida ta ji yadda aka ƙare ba. Ke nan kamun zai zauna a shafin, wankewar ba za ta taɓa zuwa ba. Yaron nan zai je neman aure, waliyyin yarinya zai sa ƙaramin ɗansa ya buga sunan a Google. Zai nemi ƙungiya a waje, wakili zai duba. Mahaifinsa yana da sahun da yake tsayawa a masallacin unguwa. Toure ya biya tararsa ya koma fili. Wannan yaron ba shi da lauya, ba shi da mai magana da yawunsa, bai ma san akwai shafin tattaunawa da zai kai kuka ba. Ga wanda ba fitaccen mutum ba ne, ƙa'idar Wikipedia ta Turanci kanta ta ce a yi tunani sosai kafin a rubuta zargin laifi matuƙar ba a same shi da laifi ba. Mu muna roƙon a Hausa a ɗaure wannan da kyau: babu hukuncin kotu, babu rubutu.

Ita waccan ƙa'ida ta tarihin rayayyun mutane ba haka kawai ta faɗo ba. A 2005 wani ya rubuta a muƙalar ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler cewa an taɓa zarginsa da hannu a kisan shugaban Amurka John Kennedy da ƙaninsa Robert. Ƙarya ce tsagwaronta, ta kwana a shafin kusan wata huɗu, wasu shafukan suka kwafe ta. Bayan wannan abin kunya aka tsaurara doka, a 2009 kuma kwamitin amintattun Gidauniyar Wikimedia, mai ɗaukar nauyin Wikipedia, ya nemi kowane harshe ya ba wannan fanni kulawa ta musamman. Idan ƙarya ta yi wata huɗu a Turanci mai dubban idanu, shekara nawa za ta yi a muƙalar Hausa da wataƙila mutum ɗaya ne ya taɓa buɗe tarihin gyare-gyarenta? Ga shi yanzu manhajojin da ke amsa tambaya da Hausa suna ɗiba daga abin da kuka rubuta. Magana zarar bunu ce.

Kuma mu ba baƙi ba ne a wannan ilimi. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike idan labari ya zo, aya ta 12 ta hana bin diddigin asirin mutane da giba. Duk da haka malaman hadisi sun rubuta tarihin masu ruwaya, suka faɗi wanda haddarsa ta yi rauni da wanda aka kama da ƙarya, domin al'umma na da buƙatar sani. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, ciki har da gargaɗin jama'a daga cutarwa. Ma'aunin nasu shi ne tabbaci da buƙata, kuma ba sa wuce gwargwadon buƙatar. Shi muke nema a ɗauko. A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, sunan jaridar kaɗai ya isa tunatarwa ga mai riƙe da alƙalami.

Ga abin da muke roƙo a aikace. A rubuta ƙa'idar tarihin rayayyu da Hausa mai sauƙi, shafi guda, a liƙa mahaɗinta a saƙon maraba da ake aika wa sabon mai gyara, domin da yawa daga matasanmu ba za su karanta doguwar ta Turanci ba. A haɗa mata ɗan jadawalin kalmomin shari'a da muka ambata a sama. Kafin a saka labarin kamu, a nemi majiya biyu masu zaman kansu, kowace da edita da adireshi, irin BBC Hausa, Aminiya, Daily Trust ko Premium Times. Jaridu biyar da suka kwafi sanarwar 'yan sanda guda, majiya ɗaya ce. Hoton takardar tuhuma da ke yawo a WhatsApp ba majiya ba ce, ko da ta gaske ce, saboda mai gyara ba shi da hanyar sanin ko an janye ta daga baya. Mai fassara ya buɗe kowace manazarta ya karanta da idonsa kafin ya danna wallafa. Idan mahaɗin ya mutu kuma bai samu madadinsa ba, ya bar jimlar a waje.

Sai batun gwargwado, wanda a Hausa ya fi tsanani saboda muƙalolinmu gajeru ne. Jimla uku a cikin muƙalar Turanci mai kalma dubu goma ɗigo ne a kogi. Jimlolin nan uku a muƙalar Hausa mai layi takwas sun zama kusan rabin rayuwar mutum. Wanda ba shi da lokacin fassara shekarun wasa da ƙwallayen da aka ci da kofunan da aka ɗauka, to ba shi da hurumin fassara kamun. A fara gina tarihin, sannan a saka tabon a inda ya dace da girman da ya dace. Kar ya shiga akwatin bayani. Kar a yi amfani da hoton da 'yan sanda suka ɗauka. Kar a ƙirƙiri rukuni irin na "mashaya", kar kuma a kira mutum mashayi sai idan shi ya faɗa da kansa kamar Adams. Laifi ɗaya da aka biya tara aka wuce, irin na Lloris wanda ya ci gaba da riƙe kambun kyaftin, jimla ɗaya ko biyu ne a can ƙasa.

Ga shugabanni masu kula da shafuka: zargin maye da ba shi da majiya a cire shi nan take, ba sai an jira muhawara ba, domin wanda ya saka shi ne ke da nauyin kawo hujja. Idan zargin ya yi muni, a ɓoye gyaran daga tarihin shafin, tunda gogewa kawai tana barin sa inda kowa zai iya tono shi. A kulle muƙalar na 'yan kwanaki idan labari yana da zafi, musamman daren da manyan ƙungiyoyi suka kara, lokacin da adawar gidan kallo kan biyo mutane har cikin waya. Masu shirya gasar rubutu kuma su daina kirga yawan muƙaloli kaɗai. A ɗebi goma daga aikin kowane ɗan takara a duba manazartarsu, a rage maki ga wanda ya saki fassarar inji a kan rayayyen mutum ba tare da ya tace ba. Kuma a sanya adireshin imel a fili, da Hausa, inda ɗan wasa ko iyalinsa za su kai ƙorafi a amsa musu cikin mako guda.

Idan kun buɗe tattaunawa a kan wannan, muna da daftarin jadawalin kalmomin da za mu miƙa, kuma akwai masana shari'a a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello da masana harshe a harabarta ta Samaru da ya kamata a nemi su duba shi kafin a amince.

Wassalamu alaikum.

Daga 'yan'uwanku masu bincike da rubutu,
Zariya.